Aisha Falatiya: 'Yar Alhazan Sakkwato Da Ta Buɗe Wa Mata Ƙofar Rediyon Sudan



Mu mutanen Suleja ba sai an ba mu labarin ƙaura ba, domin ƙaura ce ta haifi garinmu. Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, ya sauka a wajen Zuba, cikin ƙasar Koro da Gbagyi, waɗanda muka saba kira Gwari. Bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa garin da aka sa wa sunansa a 1828. Sunan ma bai zauna wuri ɗaya ba. Da gwamnatin Janar Murtala ta zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan Abuja ya koma can, namu garin kuma ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau ya zama Suleja. Har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinmu, ko da yake tsakaninmu da Zariya akwai tafiya.

Saboda haka idan aka tambaya me ƙaura da cuɗanya da baƙi ke yi wa harshen mutum da muryarsa, mu ya kamata mu fi kowa sauraro. Yau za mu waiwayi tarihin wata baiwar Allah da iyayenta suka bar ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji, aka haife ta a kan hanya, ta tashi da Hausa a cikin gida da Larabci a waje, daga baya ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a rediyon ƙasar Sudan. Sunanta Aisha Musa Ahmad, amma duniya ta fi saninta da Aisha Falatiya.

Hanyar gabas

Kafin jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, maniyyaci daga ƙasar Hausa a ƙasa yake tafiya, shi da jakinsa, sau da yawa har da iyalinsa. Za a bi ta Barno, a ƙetare ƙasar Chadi ta Abeche, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a wuce Kurdufan zuwa Kogin Nilu, daga nan a nufi bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru. Guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago ko koyar da yara karatu, a tara abin da za a ci gaba. A irin wannan tsayuwa ake aure, ake haihuwa, ake binne mamata. Da yawa sun sauke farali sun dawo har Sudan sai suka zauna, wasu kuma ko Makka ba su kai ba.

Zuwan Turawa ya ƙara wa hanyar mutane. A 1903, bayan an ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a, Turawa suka bi shi har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, ƙarfin mutanenmu na cikin abin da ya riƙe gonakin. Mutanen Sudan suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare suka ba su suna ɗaya, Fallata, kalmar da asalinta Barebari ne ke kiran Fulani da ita. A bakin wasu suna ne kawai. A bakin wasu kuwa gori ne, ma'anarsa baƙo wanda ba a gama yarda da shi ba.

Iyayen Aisha na cikin waɗannan alhazai. Mahaifinta, Malam Musa Ahmad Yahya, malami ne mai asalin Fulani, mahaifiyarta Hujra kuma Bahaushiya, dukansu daga ƙasar Sakkwato. An haifi Aisha a farkon ƙarni na 20 a Kassala, gari ne a gindin manyan duwatsu, dab da iyakar Iritiriya ta yau, inda ƙabilun Bija da Larabawa da Habashawa da alhazan yamma ke haɗuwa a kasuwa ɗaya. Ita ce babba a cikin 'ya'ya bakwai. Daga baya iyalin suka koma Omdurman, birnin da ke tsallaken kogi daga Khartum, wanda ya kasance hedikwatar daular Mahadi daga 1885 zuwa 1898. A nan mahaifinta ya riƙe makarantar allo, wadda mutanen can ke kira halwa, a nan kuma Aisha ta yi karatun Alƙur'ani da hadda.

Makarantu uku

In muka dubi yarintarta da kyau, za mu ga makarantu uku ta shiga lokaci guda, kowace da abin da ta ba ta.

Ta farko ita ce ta mahaifinta. Duk wanda ya taɓa zama gaban malam da allo ya san abin da ake koya a can ya wuce haruffa. Ana koyon fitar da kowane harafi daga mafitarsa, da jan madda gwargwadon da ya dace, da riƙe numfashi har a kai ga inda aka halatta tsayawa, da haddace dogon nassi ba tare da kallon takarda ba. Waɗanda suka yi nazarin rayuwar Aisha sun danganta ƙwarewarta a waƙa da wannan horo na tilawa. Akwai wani abu kuma: yarinyar da ake kira Fallata ta fito daga wannan makaranta da Larabcin da ba mai iya kushe lafazinsa.

Ta biyu ita ce cikin gida. Ɗakin Bahaushiya ba ya rabuwa da waƙa, ko ta raino, ko ta daka, ko ta niƙa, ko wadda 'yan mata ke yi a dandali da gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Mata ne suka ɗauki waɗannan waƙoƙi a ka suka ƙetare da su dubban kilomita, domin ba su da nauyin da zai gajiyar da jaki. Shi ya sa har yau za ka tarar da Bahaushen Sudan da kakan kakansa ne ya bar Kano, amma Hausarsa na nan.

Ta uku ita ce unguwa. Omdurman ta shekarun 1920 gari ne da waƙa ke tashe a cikinsa. A lokacin ne salon da daga baya aka sa wa suna Haƙiba ya bunƙasa, inda mawaƙi ke bayarwa 'yan amshi na karɓa da tafi da ɗan bandiri, salon da ya samo tushe daga waƙoƙin bege. Mawaƙa irin su Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karuma da Khalil Farah su ne taurarinsa, dukansu maza. Mata kuwa nasu fagen shi ne gidan biki, da gangarsu da ake kira daluka. A shekarun 1930 wani kiɗa mai motsa jiki da ake kira tumtum ya yaɗu daga wajen mata da talakawan birane, manya na yi masa kallon raini, jama'a kuwa na rububinsa.

Abin da ya sa waɗannan makarantu uku ba su yi karo a bakinta ba shi ne wata dangantaka da ke tsakanin kiɗanmu da na Sudan. Akasarin waƙoƙin tsakiyar Sudan a kan matakan murya biyar ake gina su, kamar yadda da yawa daga cikin namu na gargajiya suke, saɓanin waƙoƙin Masar da Sham da ke bin matakai bakwai da ƙananan lanƙwasa a tsakani. Wannan ne ya sa dattawanmu ke jin waƙar Sudan kamar ta gida ko da ba su fahimci kalma ɗaya ba. Yarinyar da ta tashi da waƙar daka ta Hausa, in ta shiga gidan bikin Omdurman, kunnenta ya riga ya san hanya.

Kyan ɗa ya gaji ubansa

Tana da shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki, nan da nan kuma sunanta ya fara yawo. Mahaifinta bai ji daɗi ba, kuma ba sai an yi mana bayanin dalili ba. Malami ne, baƙo ne a ƙasar mutane, mutuncinsa shi ne jarinsa, ga kuma yadda al'ummar wancan lokaci ke kallon mace mai waƙa a bainar jama'a. A wajenmu ma haka abin yake: zabiya ana gayyatarta biki a yi mata liƙi, amma ba kowa ke son a ce 'yarsa ce ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, shi ma mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, domin a ganinsa roƙo ne, kuma ba gadon gidansu ba.

Malam Musa ya yi abin da iyaye da yawa kan yi, ya aurar da ita da fatan aure zai raba ta da waƙa. Auren bai daɗe ba, bayan shekara biyu aka rabu, ta koma sana'arta. Daga baya ta sake aure, kuma a aure na biyun ta haifi 'ya'yanta.

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na ƙasar Masar ya ji muryarta, aka kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi. Faya-fayen suka dawo Sudan, aka riƙa sa su a garmaho a shagunan shan gahawa, inda maza ke zama hira. Wato muryar da da sai a cikin gida ake jinta, yanzu ta fito kasuwa. Sunan da aka rubuta a jikin faifan shi ne Aisha Falatiya. Kalmar da ake yi wa mutanenta gori da ita ce ta zama tambarinta, kuma da ita ta ci gaba da amsawa har ƙarshen rayuwarta. Duk Basudanen da ya so waƙarta dole ya furta asalinta kafin ya nemi faifan.

Yaƙi da rediyo

Yaƙin Duniya na Biyu ya iso har garin haihuwarta. A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya da ke Iritiriya suka mamaye Kassala, sai a Janairun 1941 aka ƙwato ta. A wannan shekara ta 1940 ne Turawan Ingila suka buɗe gidan rediyo a Omdurman, musamman don yaɗa labaran yaƙi. Aisha na cikin mawaƙan da suka riƙa zuwa sansanoni suna ɗebe wa sojojin Sudan kewa a fagagen gabashi da arewacin Afirka. A wannan yaƙi na gabashin Afirka akwai kuma sojojin Nijeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, suka ratsa Somaliya suka shiga Habasha a 1941.

A 1942 ta shiga ɗakin watsa shirye-shirye na Rediyon Omdurman ta yi waƙa, mace ta farko da ta yi haka a ƙasar. Ba ita kaɗai ta je ba, tare take da ƙanwarta Jidawiyya, wadda ke kaɗa garayar Larabawa da ake kira ud, har ma tana da nata rukunin makaɗa. Masu sauraro sun yi murna. Masu ra'ayin riƙau sun yi tir, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon don kada a haɗa su da mace. Tsangwamar da ta sha fuska biyu gare ta, ɗaya don ita mace ce, ɗaya don ita Fallata ce. Abin ya kai har ta yi tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya, ƙasar iyayenta.

Nan ne wahalar ɗan hanya take. A inda aka haife shi ana ce masa baƙo, inda kuma ake ce masa can ne gidansu, in ya je baƙo zai zama. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aisha ta ɗanɗani duka biyun.

Ba ta koma ba. Ta ci gaba da waƙa har shekarun 1960, ta ɗauki waƙoƙi sama da 150, akasarinsu a Rediyon Omdurman. Sannu a hankali jin mace a rediyo ya zama abin da aka saba, har ta kai ga tana waƙa tare da mawaƙa maza. An fi saninta da waƙoƙin soyayya a kan kiɗan tumtum, amma ta yi waƙoƙin da suka taɓa haƙƙin mata da na ma'aikata da neman 'yancin ƙasa, wanda Sudan ta samu ranar 1 ga Janairu, 1956. Matan da suka biyo baya, irin su Hawa Taktaka da 'yan uwan juna uku da ake kira Balabil waɗanda suka fito a farkon shekarun 1970, ƙofar da ta buɗe suka bi.

Hausarta kuma ba ta ɓace ba. Tsakanin Arewa da Sudan akwai zirga-zirga mai ƙarfi a wancan zamani: malamai daga Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, ɗalibanmu kuma, ciki har da Sheikh Abubakar Gumi, sun je ƙaro ilimi a Bakhtar Ruda a shekarun 1950. A cikin wannan yanayi Aisha ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, waƙar maraba da harshen Hausa a kan kiɗan zamani irin na Sudan, waƙar da ta karɓu a Arewa. 'Yar alhazan da suka bar Sakkwato a ƙasa, muryarta ce ta dawo musu gida ta akwatin rediyo. Ta rasu a Omdurman ranar 24 ga Fabrairu, 1974. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Mawaƙin fada da mawaƙin hanya

Gaskiya guda da ya kamata mu faɗa ita ce, yawancin baitocin waƙoƙin soyayyar Aisha mawallafa maza ne suka rubuta su. Nata shi ne murya da lafazi da yadda take ɗora kalma a kan kiɗa. To ina tasirin yawo a kan mawaƙin da shi ke tsara waƙarsa da kansa? Don amsa wannan sai mu dawo gida.

Mu ɗauki Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa. Waƙarsa ta fada ce, ubangidansa ɗaya, masu sauraronsa kuma sun san tarihin gidan sarautar da wanda ake yi wa zambo ko da ba a ambaci suna ba. Saboda haka yana iya nutsewa cikin Hausar Gobir mai zurfi ba tare da tsoron a rasa shi ba. Wannan zurfi zama wuri ɗaya ne ke kawo shi, kuma babu mai cewa ɗan yawo ya fi shi.

Sai mu dubi Ɗanmaraya Jos. An haifi Adamu a Bukuru a 1946, garin haƙar kuza da ya tara ƙabilu daga ko'ina. Mahaifinsa makaɗi ne da ya zo daga ƙasar Sakkwato, iyayen duka suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ne ya ga masu kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigi gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, yana shiga aljihu, ba ya buƙatar 'yan amshi ko ayarin makaɗa. Wa ya fara yi wa waƙar da ta fito da shi? Karen mota, wato yaron da rayuwarsa gaba ɗaya a kan hanya take. Daga nan sai halin ɗan Adam, da zaman aure, da auren dole, da gulma. Mawaƙin da ya tashi a tasha da kasuwa, inda mai sauraro zai iya zama Birom ko Ibo ko Babarbare da Hausa ta zame masa harshe na biyu, dole ya nemi maganar da kowa zai gane da damuwar da kowa ke da ita. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015.

A zamaninmu akwai Umaru Muktar da ake kira Bombino, Buzu daga yankin Agadas, wanda aka haifa a 1980. Tawayen 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya, a can ya fara taɓa jita, ya yi kiwo a Libiya, rikicin 2007 kuma ya sake kora shi zuwa Burkina Faso. Da harshensa na Tamashek yake waƙa, kan kewar gida da sahara da haɗin kan jama'arsa, amma da jita mai amfani da lantarki irin ta mawaƙan Amurka da Ingila da ya riƙa kallo a faifan bidiyo yana gudun hijira. Kundin waƙoƙinsa na 2018 ya kai shi takarar kyautar Grammy, ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi.

In muka jera su, za mu ga hanya kan yi wa mawaƙi abubuwa iri ɗaya. Tana sa shi ya rage kaya, ya riƙe abin da zai iya ɗauka: murya, kuntigi, jita. Tana buɗe masa kunne, ya ji inda kiɗan wasu ya yi kama da na gidansu, ya ɗinke su. Tana kuma canza masa ubangida, daga sarki ɗaya zuwa jama'ar da ba su san shi ba, waɗanda sai ya nemi yardarsu. Abin da ba ta yi kuwa shi ne ƙirƙiro masa tushe. Kowannensu da abin da ya taho da shi daga gida: Aisha da allonta, Ɗanmaraya da gadon kiɗan mahaifinsa, Bombino da harshensa. Wanda ya fita hannu rabbana, kwaikwayo kawai zai dawo da shi.

A nan Suleja mun ga irin wannan da idonmu, ko da yake a yumɓu ne maimakon waƙa. Ladi Kwali 'yar Gbagyi ce daga Kwali, a hannun danginta ta koyi ginin tukwane. Sarki Sulaimanu Barau ya ajiye tukwanenta a fada, a nan Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a garin nan, mace ta farko a wurin, ta haɗa zanen ƙadangare da kunama da kifi na gidansu da gashi da ƙyalli irin na Turai. Yau hotonta ne a bayan takardar Naira 20.

Abin da ya rage gare mu

Tarihin Aisha bai ƙare da rasuwarta ba, domin tambayar da ta sha fama da ita har yanzu tana cin rayuka. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, aka ce musu ba su da ƙasa a nan. An kashe sama da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu, a watan Oktoba kuma abin ya sake tashi. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Gadarif da Kassala, garin da aka haifi matar da Sudan ke alfahari da ita. Bayan haka yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya mayar da harabar gidan rediyon Omdurman filin daga na kusan shekara guda, wurin da aka ɗauki akasarin waƙoƙinta.

Mu da muka fito daga Zazzau muka sauka a ƙasar wasu, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Suleja ta yau ta cika da mutanen da Abuja ta jawo amma ba ta ba su wurin kwana ba. Yaron da aka haifa a Madalla ko Kwamba ko Maje yana iya tashi da Gbagyi a bakin kakarsa, Hausa a unguwa, Nufanci ko Yarabanci a gidan maƙwabta, Larabci a Islamiyya, Turanci a boko. Sau nawa muke ce masa Hausarsa ba ta nuna ba? Sau nawa ake tambayarsa asalin garinsu idan ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, alhali bai san wani gari ba sai wannan? Gorin da ake yi wa 'yan uwanmu a bakin Nilu yana yi mana ciwo, to mu kula kada a same shi a bakinmu a gindin Dutsen Zuma.

Maganar halacci ko haramcin kiɗa mun bar wa malamai, su ne masu ita. Namu a nan shi ne kiyaye tarihi. Akwai tsofaffin mata a gidajenmu da ke riƙe da waƙoƙin daka da na biki da suka zo da su tun daga Zazzau, wasu kuma an tsince su a nan wajen Gbagyi da Koro har sun gauraye. Kowa yanzu yana da waya mai ɗaukar murya. Mu zauna da su mu ɗauka, mu rubuta sunan mai waƙar da unguwarta da wajen wanda ta koya, mu ajiye a fiye da wuri ɗaya. Wanda kuma Allah Ya ba ɗa ko 'ya mai baiwar tsara baiti, ya fara tabbatar masa da allonsa da harshen gidansu, sannan ya bar kunnensa a buɗe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka rasu a kan hanya da waɗanda suka isa. Allah Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya, Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Amin.